A Gafarce Ni Kawu, Leda Ba Ta Isa Ba

Kawuna manomin shinkafa ne a fadamar Haɗejiya, kuma tun kafin a haife ni yake shiga ruwa. Shekara uku da suka wuce, ana gab da faɗuwar damina, na kai masa tsarabar wata 'yar jaka ta roba mai kauri, irin wadda ake naɗe bakinta a danne da maɗauri, don ya riƙa zuba wayarsa da tocila da 'yan kuɗi idan zai tafi gona. Ya karɓa hannu biyu, ya jujjuya ta, ya sa mini albarka. Sannan ya zura hannu cikin aljihun 'yar shararsa ya zaro wayar a ƙulle cikin baƙar leda, ya ɗaga mini ita.

"Ɗana, ka wahalar da kanka. Ai leda ma ta isa. Damina nawa na yi da ita?"

Ban ja da shi ba a ranar. Ba a gardama da babba a tsakar gidansa, balle a kan ruwa, abin da ya fi ni sani nesa ba kusa ba. Jakar ta samu ƙusa a bangon ɗakinsa ta zauna.

Maganar kuwa ba tasa ba ce shi kaɗai. Ita ce a bakin ɗan acaɓan da hadari ya tarar a hanya, da masuncin Yawuri, da mai sana'ar POS a ƙarƙashin laima, da ɗalibin da ya ƙunshe takardunsa zai ƙetare rafi. Kowa ka yi wa zancen jakar hana ruwa, amsa ɗaya ce: leda tana nan kyauta, me za a kashe wa kuɗi? Ina so in yi wa wannan magana raddi, amma sai na fara ba ta haƙƙinta, domin ba daga wauta ta fito ba.

Robar da ake yin leda da ita ba ta shan ruwa. Wannan gaskiya ce. Ga araha, ga rashin nauyi, ga ta ko'ina. Idan ruwa ya tsuge kana tsakanin kasuwa da gida, tafiyar minti goma, sabuwar leda za ta kai ka da wayarka a bushe. Da hunturu ma tana tare ƙura. Iyayenmu da suka san zamanin gafaka da burgami, waɗanda suka ga yadda tawada ke narkewa a takarda idan fata ta jiƙe, sun ga sauƙi na gaske da zuwan leda, ba kuma za a ce idonsu ya yi musu ƙarya ba. Rigimata da kalma ɗaya ce kawai a cikin maganar, wato "isa". Leda tana taimakawa. Isa ce ba ta yi ba, kuma inda take gazawa wuri ne da ido ba ya gani sai aikin gama ya gama.

A ƙarshen watan Agustan shekarar, tsakiyar marka, wayar Kawu ta fara wasa. Yau ta ƙi karɓar caji, gobe ta mutu da kanta ana cikin magana, jibi sikirin ya yi dishi-dishi ta gefe. Kafin sati biyu ta ɗauke ɗif. Ya aiko mini da ita Kano tare da saƙon cewa ko sau ɗaya ba ta taɓa faɗawa ruwa ba, na kuma yarda, don ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Na kai ta wurin wani matashi mai gyara a kasuwar waya ta Farm Centre. Ya kwance ta a gabana, ya ɗaga fanel ɗin, ya karkata shi ga hasken fitila. Kewayen ramin caji wani gari ne fari mai ratsin kore ya taru, kamar an barbaɗa kanwa a kan tsohon kwabo. Wata 'yar takarda ƙarama da ke manne a ciki, wadda ya ce fara ce tun daga masana'anta, ta koma ja.

"Yallaɓai, wannan ta sha ruwa."

"Mai ita ya ce ba ta taɓa faɗawa ba."

Ya ɗan yi shiru yana kankare garin da bakin tsinke. "A leda yake sa ta?"

Na ce e.

"To shi ne. Ba rana ɗaya ta sha ba. Kurɓa-kurɓa ta yi ta yi."

Da mai gyara da Kawu duk gaskiya suka faɗa. Wayar ba ta tashi ba. Lambobin masu sayen shanshera da ya tara shekaru sun tafi da ita, haka hotunan marigayiya matarsa, waɗanda ke cikin cikin wayar ba a katin memori ba. Waɗannan hotuna su ne abin da har yau nake jin zafinsa.

Ta ina ruwan ya bi? Hanya ta farko ita ce jikin ledar kanta. Baƙar ledar da ake zuba mana tumatir da ita ba ta kai kaurin silin gashi ɗaya ba. Waya kuwa tana da kusurwa huɗu, tana zaune a aljihu ɗaya da makulli da tsabar kuɗi da ɓawon goro da yashin gona, mutum yana sunkuyawa yana miƙewa tun safe har azahar. Kowace sunkuyawa guga ce. A kwana biyu ledar ta yi huji-huji ƙanana da ba a ganinsu, musamman baƙa, wadda launinta ke ɓoye rauninta. Rana kuma tana cin roba, tana sa ta bushe ta riƙa tsagewa. Wanda ke shakka ya ɗauki ledar da ya yi sati yana sa waya a ciki, ya cika ta da ruwa, ya riƙe bakin ya ɗan matsa. Zai ga tsartuwa ta wuraren da zai iya rantsewa lafiyarsu ƙalau.

Hanya ta biyu ƙulli ne. Za a ce mini ai ana ƙulla kunu da manja a leda a kai gida ba su zuba ba. Haka ne, amma a duba bambancin. Kunu ba shi da kusurwa, mai ƙullawa tana ja ta tamke sau ɗaya ba za a sake kwancewa ba, tafiyar kuma gajeriya ce. Duk da haka wace uwar gida ce ba ta taɓa samun manja ya ɓata mata garin da ke jaka ɗaya da shi ba? Shi ya sa mai sayarwa mai hankali take ninka leda biyu. Ƙullin waya dabam ne. Dole ya zama sako-sako, domin za a kwance shi sau ashirin a yini don amsa kira, sau da yawa da jiƙaƙƙen hannu. A cikin kowane ƙulli akwai ƙananan lunguna da tattarewar leda ta haifar, ruwa kuma yana bin siririn lungu ya hau har sama, kamar yadda kananzir ke bin lagwani. Idan mutum ya shiga ruwa zuwa ƙugu, sai wani abu ya ƙaru, wato dannawa. A zurfin mita ɗaya, ruwa yana danna kowane fili mai faɗin farcen ɗan yatsa da nauyin kusan giram 100. A fili mai faɗin tafin hannu, abin ya kai wajen kilo 10. Hujin da yayyafi zai wuce ta kansa bai shiga ba, a wannan zurfin tura ruwa ake yi cikinsa.

Akwai wani abin takaici kuma. Ledar da ta bar ruwa ya shiga ba ta barin ya fita. Wayar da ke aljihu tsirara, idan ta ɗan jiƙe iska za ta busar da ita. Wadda ke cikin leda tana kwance cikin danshinta har dare, har gobe.

Hanya ta uku ita ce wadda na fi so a tsaya a kanta, don ita ce ta ci wayar Kawu, ita ce kuma mutane suka fi ƙin yarda da ita. Ruwan ba daga waje kaɗai yake zuwa ba. Ka fito da fiya wata daga firji ka ajiye a kan tebur, kafin minti biyu jikinta ya yi raɓa, alhali ba ta huje ba. Ruwan daga iskar ɗakin ya sauko, domin iska mai ɗumi tana ɗauke da tururin da ido ba ya gani, idan ta taɓa abu mai sanyi sai ta sauke shi. Iska mai zafin digiri 30 tana iya riƙe kusan giram 30 na ruwa a kowace mita ɗaya tsawo, faɗi da tsayi. Idan ta sauko digiri 20, abin da za ta iya riƙewa bai wuce giram 17 ba, ragowar dole ya zama ɗigo. To ka ɗauki manomi da hantsi a watan Agusta, jiki duk gumi, iska cike da laima. Ya amsa waya a kunne mai zufa, ya mayar da ita leda da damshin hannu, ya ƙulle iskar fadama a ciki tare da ita. Rana ta gasa, sannan hadari ya taso, gari ya yi sanyi farat ɗaya. Cikin ledar ya yi raɓa. Raɓar nan ba ruwa zalla ba ce, da gishirin gumi a cikinta.

Gishirin ne mugun. A cikin waya akwai siraran hanyoyin tagulla da dalma, kusa-kusa da juna, kuma muddin batir yana ciki wuta tana kansu ko da sikirin a kashe yake. Ruwa mai gishiri idan ya haɗa biyu daga cikinsu, wutar tana bi ta cikinsa tana cin ƙarfen a hankali. Garin nan fari da kore da na gani a teburin mai gyara ƙarfen wayar ne da ya narke. Shi ya sa waya kan yi sati biyu tana aiki bayan ta sha danshi sannan ta mutu, mai ita ya ɗora wa caja ko wutar janareto laifi, ledar kuwa ta fita da sunanta wanke. Ina ganin nan ne asalin ƙarfin wannan imani. Ɓarnar ba ta zuwa ranar da aka yi laifin, don haka ba wanda ke haɗa su.

Dole in faɗi gaskiya a nan, ko da za ta rage wa hujjata kaifi: wannan hanya ta uku ba ta bar jaka mai tsada ba. Duk abin da ya hana ruwa shiga yana hana shi fita. Wanda ya rufe jiƙaƙƙen hankici tare da wayarsa a jaka mafi kyau a duniya ya yi wa kansa abin da leda ke yi. Sai dai jaka tana ba ka damar magance shi. Bakinta yana rufuwa da gaske, saboda haka danshin da ka kulle a ciki shi ke nan, ba ƙari, kuma ana iya shanye shi. 'Yan ƙunshin nan masu ƙwayoyi kamar gishiri da muke samu a kwalin sabon takalmi ko robar magani muna zubarwa, silika ke nan, tana iya shan laima da ta kai kusan kashi ɗaya bisa uku na nauyinta. Guda biyu ko uku a gindin jaka sun yi aiki, idan sun ƙoshi a gasa su a ɗumi mara tsanani su dawo. A cikin leda mai huji ba su da wani amfani, don za su yi ta shan iskar gari ne har su cika. Sannan kowace irin ma'ajiya ce, a buɗe ta da dare a ɗaki ta sha iska, kada kuma a bar ta a rana. Kamfanin Apple ya ce wayoyinsa an yi su ne su yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, mu kuwa bazararmu tana haura 40 a inuwa. Jaka mai haske a rufe a kan kujerar babur tanda ce ga batir.

To mene ne ya raba jakar gaske da leda, tunda duk roba ce? Amsar tana hannun kowane yaro mai tallar fiya wata. Ledar fiya wata tana riƙe ruwa wata da watanni, ana jibga ta a mota ana jefawa, ba ta zuba. Abu biyu ne sirrinta: ta fi kauri, kuma ba ƙulla ta aka yi ba, narka bakin aka yi da zafi ya zama jiki ɗaya. Jakar hana ruwa ta ƙwarai haka take. Ana yin ta da tamfol mai kauri ko yadin nailan da aka shafe da roba, kuma mahaɗanta ba ɗinki ba ne, inji ne ke narka gefe biyu su haɗe. Idan ka shafa za ka ji santsi, ba zare. Wani Bajamushe, Hartmut Ortlieb, wanda ruwa ya jiƙa wa kaya sharkaf yana yawon keke a Ingila, ya lura da yadda tamfol ɗin manyan motoci ke kare kayan da suka ɗauko. Ya koma gida ya fara ɗinka jakunkuna da irin tamfol ɗin a keken ɗinkin mahaifiyarsa, ya kafa kamfani a 1982, daga baya ya bar allura ya koma narka mahaɗa. Dalilin barin allurar shi ne abin lura. Kowane sukan allura huji ne. Duk wanda ya taɓa rataye salka ya san tana tsattsafowa ta ɗinki.

Na kawo wannan ne saboda telolinmu. Akwai masu ɗinka jakar tamfol masu kyau da ƙarko a kasuwanninmu, ina kuma son a saya a wurinsu. Jakarsu tana tare ruwan sama fiye da leda nesa ba kusa ba. Amma muddin ɗinki ne da zif na yau da kullum, ba ta shiga kogi. Telan da zai koyi liƙe bayan ɗinkinsa da gam da ƙyallen roba, ya bar zif ya koma bakin naɗi, zai samu kasuwar da ba kowa a cikinta tun daga Yawuri har Baga.

Bakin naɗin nan shi ne rabin aikin, kuma abu ne mai sauƙi. A bakin jakar akwai wani tsiri mai ɗan tauri. Ka matse iska ta fita, ka haɗa leɓɓan biyu su daidaita, ka naɗe ƙasa aƙalla sau uku, sannan ka lanƙwaso gefe biyu ka danna maɗauri. Ruwan da zai shiga sai ya bi naɗi uku masu matse juna. Wanda ya cika jakar taf har ya kasa samun naɗi uku, ya mayar da ita buhu. Wanda ya naɗa sau ɗaya don sauri, shi ma haka. Kuma ko an naɗa daidai, yawancin irin wannan jaka an yi ta ne don ruwan sama mai ƙarfi da fantsama da faɗawa ruwa na ɗan lokaci, inda takan yi iyo saboda ragowar iskar ciki. Ba a yi ta don ta daɗe a nutse ba. Mai shiga ruwa har wuya, irin masunci ko mai ƙetare kogi da gora, abin da ya dace da wayarsa shi ne 'yar jakar waya mai maƙulli a baki, wadda ake ratayawa a wuya ana latsa sikirin ta jikinta, sannan ita ma a jefa ta cikin babbar.

Nan ne masu kare leda suke da hujjarsu mafi ƙarfi, ban kuma raina ta ba. Za su ce sun sayi irin jakar a kasuwa, an rubuta mata turanci manya-manya, ranar farko ta cika da ruwa. Ya faru, yana kuma faruwa. Kalmar da ake bugawa a jikin kaya cewa ba sa shan ruwa ba ta da mai gadi, kowa yana iya buga ta. Abin da ke da ma'auni shi ne haruffan IP da lambobi biyu da ke biye da su, ƙa'idar da hukumar ƙasa da ƙasa mai tsara ma'aunin kayan lantarki, IEC, ta shimfiɗa a ƙarƙashin lamba 60529. Lambar farko ta ƙura ce, 6 ce ƙololuwarta. Ta biyu ta ruwa ce: 4 tana nufin fantsama kawai, 6 feshi mai ƙarfi, 7 nutsewa a zurfin mita ɗaya na minti 30, 8 kuwa abin da ya wuce haka bisa sharaɗin da mai ƙerawa ya bayyana. Harafin X a gurbin lamba yana nufin ba a gwada wannan ɓangaren ba. Ga mu da muke da hunturu da damina duka, lambobin biyu sun shafe mu. Amma ko lambar ma mai algus yana iya bugawa, don haka ban yarda da kowace jaka ba sai na gwada ta, gwajin kuma ba ya cin ko sisi. A sa busasshiyar takardar tishu a ciki, a rufe yadda ya kamata, a danna ta cikin bokiti da dutse, a bar ta rabin awa. A goge bayanta kafin a buɗe. Tishu ba ya ɓoye ko ɗigo ɗaya. A maimaita a farkon kowace damina, domin roba tana tsufa ta wurin naɗi. Cewa akwai jabu a kasuwa dalili ne na gwadawa kafin a dogara. Bai mayar da leda mai huji lafiyayya ba.

Akwai ƙanin wannan imani da ya fi yawa a wurin matasa masu manyan wayoyi: tawa ai ba ta jin ruwa, IP68 ce. Gwajin da ya ba ta lambar an yi shi ne da sabuwar waya a ruwa mai tsabta mara motsi. Gam da robar da ke toshe ta suna saki da zafi da faɗuwa, ranar da aka canza mata sikirin ko batir kuwa sai dai a yi addu'a. Da yawa daga cikin wayoyin hannunmu na hannu ne, an buɗe su tun kafin su zo. Kamfanonin da kansu ba sa sa ɓarnar ruwa cikin garanti. A Nuwamban 2020 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Italiya ta ci Apple tarar Yuro miliyan 10 kan yadda ya tallata jurewar ruwan wayoyinsa, a Yunin 2022 kuma kotun tarayya a Ostireliya ta umarci Samsung ya biya dalar ƙasar miliyan 14 kan irin wannan talla. Shinkafar da ake binne jiƙaƙƙiyar waya a ciki ma ba ta isa inda ruwan yake, Apple har gargaɗi ya yi a daina, don ɓurɓushinta yana shiga ramuka. Abin yi shi ne a kashe wayar nan take, kada a kusantar da ita caji, a kai wa mai gyara ya buɗe ya wanke tun gishiri bai fara ci ba.

Wani zai ce duk wannan zancen mutanen bakin teku ne, mu nan wata huɗu muke ganin ruwa. Wata huɗun ne muke cikinsa tsundum, su ne kuma watannin nemanmu. Sannan ruwan yanzu ba ya sallama. A daren 9 wayewar 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, Maiduguri ta farka cikin ambaliyar da ba ta ga irinta ba tun 1994. A ƙarshen Mayun 2025 ruwa ya afka wa Mokwa da asuba, ya ci rayuka sama da 150. Jigawarmu ta ɗanɗana tata a 2022. Ba ina cewa jaka tana ceton rai ba, a irin wannan dare rai ake gudu da shi, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma wanda ya tsira, gari na wayewa abin da zai fara nema shi ne yadda zai kira 'yan'uwansa, da yadda zai taɓa kuɗinsa. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 kuɗin mai shayi da mai kayan miya ya koma cikin waya. Layinka yana ɗaure da lambar NIN, asusunka yana ɗaure da layin. Bayan haka sai takardun gida da na gona da na makaranta, waɗanda a gidaje da yawa suna ƙarƙashin katifa cikin ledar da ta shekara goma tana ruɓewa. Jaka guda mai bakin naɗi, a rataye sama kusa da ƙofa, da takardu da tocila da ƙaramin batirin caji a ciki, abu ne da hannu ɗaya zai fizga cikin duhu.

Saura batun kuɗi, kuma ba zan yi kamar ban san halin da ake ciki ba. 'Yar jakar waya ba ta kai kuɗin canza sikirin sau ɗaya ba, amma akwai gidan da ko wannan ɗin sai an cire daga cefane. Wanda bai samu ba, to ya yi wa ledar adalci. Ya nemi fara mai kauri, sabuwa, don ya riƙa ganin raɓa idan ta taru. Ya goge wayar da hannunsa su bushe kafin ya sa. Ya matse iska, ya murɗa wuyan ledar sosai, ya lanƙwasa murɗin ya ɗaure da ƙyauro ko zaren roba maimakon ƙulli, ya sa cikin ta biyu bakin yana kallon ƙasa. Kada ta haɗa aljihu da makulli. Ya canza ta duk bayan kwana biyu, ya fito da wayar ta kwana a waje. Robar man shafawa ko gwangwanin madara mai murfi da ke kamawa gam sun fi leda kare kaya daga dannawa da guga, masuntanmu ma sun daɗe da gane haka. Duk wannan rage asara ne kafin a samu hali.

Da damina ta zagayo na koma Haɗejiya da sabuwar waya a hannu. Bayan mun ci tuwo na roƙi Kawu ya ba ni aron ledar da ke aljihunsa, ya miƙo yana murmushi. Na sa ƙanwata ta kawo buta da bokiti. Na cika ledar na ɗaga ta a gabansa, ban ce komai ba. Ruwa ya tsarto ta wuri uku, siriri kamar zare, ɗaya daidai inda kusurwar waya ke zama. Sannan na sauko da jakar daga kan ƙusa, na kakkaɓe yanar gizo, na sa tishu, na naɗa sau uku, na danne ta a bokiti da dutsen niƙa. Muka ci gaba da hirar taki da farashin man injin ban ruwa har aka kira la'asar. Da muka dawo daga masallaci shi da kansa ya tsamo ta, ya goge da gefen riga, ya kwance. Ya murza tishun tsakanin yatsunsa, ya kai shi kumatu ya shafa.

"Sau nawa ka ce a naɗa?"

"Sau uku, Kawu."

Washegari da sassafe na raka shi bakin fadama. Ya sa wayar a leda tukuna, kamar yadda ya saba, sannan ya jefa ta cikin jakar, ya ƙirga naɗin a fili, ya rataya a wuya. Ya naɗe ƙafar wando, ya yi bismillah, ya shiga ruwan da ya kai masa gwiwa.